Na Biya Kuɗin Faifai, Wa Ya Ba Su Ikon Riƙe Makulli?

A watan Maris na 2009, Firaministan Birtaniya na lokacin, Gordon Brown, ya kai ziyara Amurka, Shugaba Barack Obama ya sallame shi da tsarabar faya-fayan DVD guda 25 na fitattun fina-finan ƙasarsa. Ba a jima ba jaridun Ingila suka ruwaito cewa da Brown ya zauna zai kalli ɗaya a gidansa na Landan, na'urar ta ƙi karɓa. Faifan ba jabu ba ne, bai karce ba, ba a kuma ɗauke wuta ba. Laifinsa ɗaya, an buga shi don Amurka, na'urar kuwa ta Ingila ce. Turawa suka sha dariya, suka yi mako guda suna barkwanci da abin, suka wuce. Ni ban ga abin dariya ba. Abin da ya sami Brown a dare ɗaya shi ne abin da aka tsara mu zauna da shi tun ranar da aka ƙirƙiro DVD, mu kuwa ba mu da jaridar da za ta taya mu kuka.

Ɗauko kwalin kowane faifan DVD na asali ka juya bayansa. Can ƙasa, cikin ƙananan rubuce-rubucen da ba wanda ya damu ya karanta, akwai ɗan mitsitsin zanen duniya da lamba a tsakiyarsa. Wannan lamba ita ke yanke hukuncin ko za ka kalli abin da ka saya ko ba za ka kalla ba. Lokacin da DVD ya fito, a Japan cikin Nuwamba na 1996, a Amurka kuma a Maris na 1997, manyan kamfanonin fim na Hollywood sun kafa sharaɗi cewa ba za su zuba hajarsu a sabon faifan ba sai an yanka musu duniya gunduwa-gunduwa. Aka yanka ta shiyya shida. Amurka da Kanada suka ɗauki lamba 1, ba sai ka tambayi dalili ba. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya suka sami 2. Kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu aka ba su 3, Meziko da Kudancin Amurka da Ostireliya 4, ƙasar Sin ita kaɗai 6. Har jiragen sama da na ruwa an ware musu tasu lambar, 8. Mu kuma aka watsa mu cikin 5, tare da Rasha da Indiya da Fakistan da Mongoliya da Koriya ta Arewa.

Don Allah me ya haɗa Kano da Mosko? Me ya haɗa Damagaram da Koriya ta Arewa? Ba harshe ba, ba addini ba, ba hanyar fatauci ba. Abin da ya haɗa mu a lissafin waɗanda suka zana taswirar shi ne mu ne ragowa, mutanen da ba a sa ran samun kuɗin kirki a hannunsu. Kuma don kada ka zaci kuskure ne, dubi yadda aka yi wa ita kanta Afirka. An zare Masar daga sama, an zare Afirka ta Kudu daga ƙasa tare da Lesoto da Swaziland da ke jikinta, an kai su shiyya ta 2 wajen Turawa. Inda aka hango ɗan maiƙo an tsame shi, sauran nahiyar aka bar ta a kwandon shara.

Yanzu ka lissafa hanyoyin da kaya ke biyowa su iso gare mu. Landan, Paris, Jidda, Dubai, Alƙahira, duk shiyya ta 2 ne. New York 1. Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke cika kwantena, 6. Ɗalibin da ya gama karatu a Ingila ya dawo da akwatin faya-fayan darasi, alhajin da ya shiga babban kanti a Jidda ya sayo wa iyalinsa tsaraba ta asali maimakon ta bakin titi, ɗan Maraɗin da yayansa ke aiko masa fina-finai daga Faransa, dukkansu sun sayi abin da, bisa tsarin, na'urar gidansu ba ta da izinin buɗewa. Na Nijar da Chadi da Kamaru nasu ya fi muni, domin akasarin faya-fayan Faransanci a Faransa ake buga su da lamba 2, ƙasashen kuwa suna 5. An ɗora musu harshen, an hana su faifan.

To ina faya-fayan shiyya ta 5 ɗin, waɗanda aka halatta mana? Da yawansu a Rasha aka buga su. A shekarun 2000 kamfanonin sun ɓullo da dabarar gaggauta fitar da faifai mai arha a can don su riga 'yan satar fasaha shiga kasuwa, kuma galibi da muryar Rashanci. Wato faifan da na'urata za ta karɓa hannu bibbiyu shi ne wanda jarumin ke magana da harshen da ko gaisuwarsa ban iya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan makulli ba wata larurar fasaha ba ce. 'Yar alama ce guda da aka rubuta a cikin faifan. Na'ura ta duba ta, ta kwatanta da lambar da aka dasa mata a masana'anta, in ba su zo ɗaya ba ta ce ba ta yi. Ta iya karanta faifan sarai, hana ta aka yi. Hanyar da aka bi aka tilasta abin kuwa ita ce lasisi. Fina-finan da ke kan faifan an cakuɗa su da wani tsarin ɓoye bayanai da ake kira CSS, duk kamfanin da ke son ƙera na'urar DVD sai ya karɓi mabuɗin daga ƙungiyar da ke riƙe da shi, ba a kuma ba shi sai ya sa hannu cewa na'urarsa za ta yi biyayya ga lambar shiyya. Babu majalisar ƙasar da ta zauna ta yi wannan doka. Babu wanda ya zaɓi waɗanda suka yi ta. 'Yan kasuwa ne suka ja ƙofa suka raba duniya a tsakaninsu, kai kuma mai saye ka biya har da kuɗin aikin da injiniya ya yi don rage wa na'urarka amfani. Kamar ka sayi buhun gero ne a Dawanau, ka biya lakadan, ka ɗora a mota, sai mai hatsin ya biyo ka ya ce af, wannan geron fa ba ya dakuwa sai a turmin Kano, in Katsina za ka kai shi sai ka sake sayen wani a can. A kasuwarmu irin wannan magana ba ta kaiwa gaban sarkin kasuwa, tun a bakin rumfa ake gama ta.

Suna da hujjojinsu, kuma na san su. Ta farko ita ce lokacin fitar fim. A zamanin da ake haska fim da naɗin majigi, buga kowane kwafi kuɗi ne mai yawa, don haka sai a gama yawo da shi a Amurka kafin a tura Turai da sauran wurare bayan watanni. Tsoronsu kada faifan Amurka ya riga fim ɗin isa sinimar Landan. To, na ji. Amma fim ɗin da aka yi a 1942 ko 1960, wanda kakannin masu kamfanin suka gama cin ribarsa, wace sinima yake jira da shi ma aka sa masa kwaɗo? Mu kuma wace sinima ake kare mana? Lokacin da DVD ya fito yawancin gidajen sinimar Najeriya sun riga sun durƙushe, 'yan waɗanda suka rage a Arewa fina-finan Indiya da na Chanis suke haskawa, sai a 2004 Silverbird ya buɗe irin na zamani a Legas. Hujja ta biyu ita ce ana sayar da haƙƙin rarraba fim ƙasa-ƙasa, kowane dillali da yankinsa. Wannan cinikinsu ne su ya su, ban ga dalilin da zai sa a aiwatar da shi a cikin ɗakina ba. Ta uku ita ce wadda ba sa faɗa da ƙarfi, farashi. Su sayar da tsada inda ake da kuɗi, da rangwame inda babu, su kuma toshe wa mai saye hanyar bin rangwamen. Kamfani yana da 'yancin kai aikin buga faifansa da ƙera na'urarsa duk ƙasar da ƙwadago ya fi arha. Ni ba ni da 'yancin sayo kayana inda ya fi mini sauƙi. In su ne masu saye, duniya kasuwa ɗaya ce. In ni ne, sai a tuna da iyaka.

A Najeriya rainin hankalin ya wuce nan. A 1981 ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka ta dakatar da kawo fina-finanta ƙasar nan, bayan gwamnati ta ƙwace kadarorinta a ƙarƙashin manufar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Ko wa ke da gaskiya a wancan rikici, sakamakon ɗaya ne, shago ya rufe daidai lokacin da bidiyo ke shiga gidajen mutane. Jama'a ba su daina son kallo ba. Kaset ya riƙa shigowa ta Dubai da Beirut, ya sauka Kano, a kwafe shi a Ƙofar Wambai, ya bazu cikin Arewa har ya tsallaka iyaka, kamar yadda masanin nan Brian Larkin ya bi diddigin abin a binciken da ya yi a Kano. Bayan kaset sai VCD, wanda aka fitar a 1993 ba tare da wata lambar shiyya ba, shi ya sa ya mamaye Asiya da Afirka. Da DVD ya iso, jabun da ake shigowa da shi daga Asiya da wanda ake sarrafawa a Alaba babu mai makulli a cikinsu. Ɗan satar fasaha abu na farko da yake yi shi ne cire shi, domin shi so yake kowa ya saya.

Ka ga yadda lissafin ya kife ke nan. Wanda ya miƙa 'yan canji a bakin titi ya karɓi faifai ɗaya mai fina-finai goma a ciki, ya je gida ya sa, ya kalla lafiya lau. Wanda ya ji tsoron Allah ya ce ba zai ci haƙƙin wani ba, ya ninka kuɗin sau da yawa ya sayi na asali, shi ne zai zauna gaban talabijin yana karanta saƙon cewa wannan faifai ba na yankinka ba ne. In ma an yi dace ya buɗe, shi kaɗai ake tilasta wa zama ya kalli gargaɗin satar fasaha wanda rimot ba ya iya tsallakewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara da shekaru suna koya wa mutanenmu cewa na jabu ya fi na asali aiki, sannan su dawo suna rubuta rahoto cewa Najeriya matattarar ɓarayi ce.

Kada wani ya ɗauka wanke ɓarayi nake yi. Duk wanda ya san Kannywood ya san abin da satar fasaha ta yi mata. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya sayar da kwali dubu an kwafe, daga baya 'yan dawunlodin suka ƙarasa kasuwar faifan gaba ɗaya, har masu sana'ar suka koma neman abinci a YouTube da tashoshin talabijin. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Amma daidai nan ne ya kamata a bambance. Wanda ya kwafi aikinka ya sayar ya cuce ka. Wanda ya sayi aikinka da kuɗinsa, ya lallaɓa na'urarsa don ta nuna masa, me ya rage maka?

Akwai wata matsalar da mutane ke haɗawa da wannan, alhali asalinsu daban, wato bambancin PAL da NTSC. Wannan ba na jin haushinta sosai, domin ba mugunta ce ta haife ta ba, tarihi ne. Wutar lantarkin Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai da tamu sau 50, injiniyoyin farko kuma da wannan juyi suka daidaita talabijin. Amurka ta tsayar da tsarinta na kala, NTSC, a 1953, mai layi 525 da hoto kusan 30 a daƙiƙa. Bajamushe Walter Bruch ya fito da PAL mai layi 625 da hoto 25, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967. Faransa ta ce ita ma sai ta yi nata, SECAM, ta kuma yaɗa shi a ƙasashen da ta mallaka. Shi ya sa Najeriya da Gana suka tashi a PAL, Nijar a SECAM, har kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin a Maraɗi in an kawo Katsina sai ya fito baƙi da fari. Da DVD ya zo ya gaji rabon gida biyu, faifan PAL mai layi 576 da ake gani, na NTSC mai 480. Waɗanda suka yi zamani da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi sun san yadda abin yake in ka sa mata NTSC ba ta iya ba. Kala ta gudu, hoto ya riƙa mirginawa sama, kan jarumi a ƙasa ƙafarsa a sama, yara suna ihu a buga mata a gefe. Har ma akwai wani ɗan abin mamaki. Fim ana ɗaukar sa da hoto 24 a daƙiƙa, don a mayar da shi PAL sai a ƙara masa gudu zuwa 25, saboda haka fim mai awa biyu yakan rasa kusan minti biyar, muryoyi kuma su ɗan ƙara siranta. Mun daɗe muna kallon jarumanmu suna sauri ba mu sani ba.

Amma dubi yadda aka yi da wannan matsalar. Tunda ta fasaha ce, masu fasaha suka warware ta. Aka yi talabijin mai karɓar kowane tsari, kusan duk na'urar DVD da ake sayarwa a ƙasashen PAL tana buɗe NTSC, talabijin mai shafaffen allo ta yau kuma ba ta ma san da wata rigima ba. Inda abin ya rage shi ne Amurka, inda na'urori da talabijin da yawa har yanzu ba sa karɓar PAL, shi ya sa Bahaushen da ke can in an aika masa faifai daga gida yakan sha wahala. Ita kuwa lambar shiyya, duk lokacin da masu fasaha suka kwance ta, sai lauyoyi su zo su sake ɗaurewa. Kuma in kana son hujjar cewa ba ruwanta da PAL ko NTSC, ga Japan mai NTSC a shiyya ɗaya da Ingila mai PAL, ga Najeriya da Ingila duk PAL amma an raba su.

Akwai wani yaro mai gyaran rediyo a bakin kasuwar unguwarmu, rumfarsa cike da gawar na'urori har rufi. Na taɓa kai masa wata DVD mai tsada da ta ƙi karɓar faifan da aka kawo mini daga waje. Ko murfinta bai buɗe ba. Ya jona ta a wuta, ya danna ta turo farantin faifai waje, ya bar shi a buɗe, ya ɗauki rimot ya latsa wasu lambobi a jere. Sai ga wata 'yar lamba ta bayyana a kusurwar allo, 5. Ya latsa ta koma 0, ya kashe ya kunna, ya sa faifan, fim ya tashi.

"Baba, ai wannan ba ta lalace ba," in ji shi. "Ɗaure ta aka yi."

Na ce nawa zan ba shi. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ko sukudireba ban ɗauka ba. Ka sa mini albarka kawai."

Wato masana'antar da kanta ta bar ƙofar baya, domin ta fi son ta ƙera na'ura iri ɗaya ta sa mata lamba daga ƙarshe, da ta ƙera kala shida. 'Yan ƙananan na'urorin Sin masu arha da suka cika kasuwanninmu kuwa da yawansu a buɗe suke zuwa, ba su san wata shiyya ba. Su suka cece mu, ba manyan sunaye ba. Ko a Amurka, a shekarar 2000, wata na'ura mai arha ƙirar Sin, Apex AD-600A, ta yi farin jini saboda wani ɓoyayyen shafi da ke cikinta mai kashe lambar shiyya, ba a jima ba aka cire shi daga waɗanda aka ƙera daga baya.

Maimakon su gane cewa mutane ba sa so, sai suka ƙara matsa wuya. Daga shekarar 2000 aka wajabta wa masu ƙera abin karanta DVD na kwamfuta su dasa makullin a jikin ƙarfen. An yi maka alfarma ka sauya shiyya sau biyar, daga na biyar ta daskare a nan, ko ka goge kwamfutar ka sake zuba mata manhaja ba ta komawa. Mai karatu, in kwamfutarka ta taɓa tambayar ka ko kana son sauya shiyya, kada ka yi garajen cewa e. Fara gwada VLC, manhajar nan ta kyauta da ɗaliban wata makarantar injiniya a Paris suka faro, domin ita ba ta tambayar faifai daga ina ya fito, ko da yake wani ƙarfen yakan ƙi ba ta haɗin kai. A ƙarshen 2000 kuma wasu kamfanonin suka ƙara wata dabara mai suna RCE, faifan ya riƙa bincikar na'ura, in ya ga a buɗe take ga kowace shiyya sai ya ƙi tashi, ya nuna maka taswirar duniya don ka san matsayinka. Ba a daɗe ba aka gano maganinta, ka saita na'urar a lamba 1 da hannunka.

Sannan suka koma kotu. A Oktoba na 1999 wani yaro ɗan Norwe mai shekara 15, Jon Johansen, tare da wasu mutum biyu, suka fitar da 'yar manhaja mai kwance CSS. A Janairun 2000 'yan sanda suka dira gidan su Jon. Yaron ya ce faya-fayan da ya saya da kuɗinsa yake son kallo a kwamfutarsa. Kotu ta wanke shi a Janairun 2003, masu ƙara suka ɗaukaka, kotun gaba ta sake wanke shi a Disambar wannan shekarar. A Amurka kuwa dokar 1998 ta riga ta mayar da karya irin wannan makulli laifi. Ostireliya ita ta nuna ƙashin baya. Hukumar kare masu saye ta ƙasar ta fito fili ta soki tsarin shiyya, babbar kotunta a 2005 ta ba wani mai buɗe na'urar wasan PlayStation gaskiya a kan kamfanin Sony, a 2006 kuma aka rubuta a cikin dokar haƙƙin mallaka cewa makullin da aikinsa raba kasuwa ne, ya hana kallon faifan halal da aka sayo daga waje, doka ba ta kare shi. Niyu Zilan ta yi makamancin haka a 2008. Hollywood ba ta daina sayar musu da fim ba.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa, wa ke kallon faifai a yau, Malam ya tsaya yana ihu bayan hari. Je ka tambayi malamin da ke koyar da fim ko wasan kwaikwayo a jami'a. Tsoffin fina-finan Afirka da aka gyara aka wanke, da yawansu a faifai kawai za ka mallake su. Da Blu-ray ya fito a 2006 aka sake yanka duniya, wannan karon gida uku, A da B da C, aka sa Afirka a B tare da Turai. An ɗan samu sauƙi, amma ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin Criterion na Amurka, wanda aikinsa na adana tsoffin fina-finai abin yabo ne, ya fitar da fina-finan Ousmane Sembène na Senegal, wanda ake kira uban sinimar Afirka, ciki har da na 1966 da ya fito da sunansa, da Mandabi, da Xala, da Ceddo. Bugun Amurka na wannan kamfani a kulle yake a A. Fim ɗin da Ba'afirke ya yi, a ƙasar Afirka, kan rayuwar 'yan Afirka, an gyara shi tsaf an sa a faifan da na'urar Dakar ko Zariya ba za ta buɗe ba. Kuma Blu-ray ba kasafai yake buɗuwa da rimot ba kamar DVD, galibi sai an yi wa cikin na'urar aiki, ko ka sayo wadda aka riga aka buɗe da ƙarin kuɗi. In daga Amurka za ka sayo, duba ko tana ɗaukar wutarmu, don tasu 120 ce tamu 230, kada ka jona ta ka ji ƙauri.

Su da kansu sun tabbatar makullin ba dole ba ne. HD DVD, abokin hamayyar Blu-ray da ya mutu a 2008, ba shi da shi. Faifan Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016 ba shi da shi, kuma sama ba ta faɗo ba. Sun saki faifan ne don sun samu inda ya fi, intanet. Tsugune ba ta ƙare ba. Netflix ya shigo Najeriya a Janairun 2016, a cikin watan kuma ya sanar da yaƙi da masu ɓoye ƙasar da suke don ganin abin da ake nuna wa wasu. Kana biyan kuɗinka duk wata, amma rumbun da aka buɗe maka ba shi ne na ɗan Amurka ba. A 2022 Disney+ ya shigo Afirka, ka san ina ya sauka? Afirka ta Kudu, da Masar da maƙwabtanta na arewa. Taswirar 1996 ce aka kakkaɓe mata ƙura. Faifai ko ba komai yana hannunka, kana iya kai shi wajen yaron bakin kasuwa. Abin da ke intanet ranar da suka ga dama suke ɗauke shi.

Saboda haka maganata ga hukumominmu ce. A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma a cikinta akwai sashen da ya hana karya makullan fasaha da masu haƙƙi ke sa wa ayyukansu. Madalla, 'yan fim ɗinmu da mawaƙanmu suna buƙatar kariya daga masu kwafa. Amma makullin da ke hana kwafa daban, wanda ke tambayar a wace ƙasa ka sayi kayanka daban, kuma ɗan sandan da zai tsaya a bakin rumfar mai gyara ba zai tsaya tantance su ba sai an faɗa masa. Ya kamata Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta fito ta faɗa a rubuce, ta kira abin da sunansa, da Hausa da sauran harsunan da mutane ke ji, cewa buɗe lambar shiyya don kallon faifan halal ba laifi ba ne, ga mai na'ura da mai gyara duka. Ita ma hukumar kare masu saye ta tarayya ya kamata ta wajabta wa masu shigo da na'urori su rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali in a kulle take, don mutum ya san abin da yake saye kafin ya ƙirga kuɗi. Ostireliya ta rubuta nata tun 2006. Mu da aka fi cuta, me muke jira?